Wa Ke Sa wa Ilimi Ranar Suna?

Duk ranar 14 ga Maris nakan ce wa ɗalibaina kowa ya zo aji da wani abu mai da'ira daga gida. Wani ya zo da faifai, wata da murfin tukunya, wani da gwangwanin madara. Akwai yaron da ya taɓa gangaro mana da tsohuwar tayar keke napep tun daga Tudun Wada. Sai mu ɗauki zare mu zagaya bakin abin, mu miƙe zaren a kan rula, sannan mu auna faɗinsa ta tsakiya, mu raba awon farko da na biyu. Faifai ya ba da uku da 'yar ɗoriya. Murfi ma haka, taya ma haka. A nan ne aji kan yi tsit, don yara sun gani da idonsu cewa ƙaramar da'ira da babba duk doka ɗaya suke bi. Wannan ita ce lambar da ake kira pai, 3.14159 da sauran lambobin da ke biye ba iyaka.

Wata shekara wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to me ya haɗa wannan lamba da watan Maris?" Na rubuta mata 3/14 a allo. Ta dube shi ta ce, "Amma Malam, ai mu 14/3 muke rubutawa."

Gaskiyarta. Amurkawa ne ke fara rubuta wata kafin rana, kuma a wurinsu abin ya samo asali. Wani masanin kimiyya mai suna Larry Shaw ne ya fara bikin Ranar Pai a 1988 a wani gidan nune-nunen kimiyya da ke San Francisco. Abu ya bazu, har a 2019 hukumar UNESCO ta ayyana ranar a matsayin Ranar Lissafi ta Duniya. Da tsarin rubutunmu aka bi, da 22 ga Yuli za a ɗauka, wato 22/7, wadda ma ta fi 3.14 kusa da ainihin lambar, kuma ita Archimedes, masanin lissafi na tsohuwar Girka, ya bayar a matsayin iyakar da pai ba ta wucewa fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Da kuma gwanintar aiki aka duba, da sai a nemi ranar da masanin lissafi al-Kashi ya kammala lissafinsa a Samarƙand a 1424, inda ya fitar da lambar zuwa gurbi goma sha shida da hannu da alƙalami. A 2024 wannan aiki ya cika shekara 600, ban ji an buga ko da gwangwani ba.

Tambayar yarinyar nan ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Muna karɓar ranakun tunawa na kimiyya kamar yadda muke karɓar fitowar rana, alhali kowacce akwai waɗanda suka zauna suka yanke ta. Ilimi haihuwarsa doguwar naƙuda ce, wani lokaci ta shekaru aru-aru. Daga baya ne ake taruwa a sa masa ranar suna, kuma wanda ya yanka ragon shi ake kira uban ɗa.

Intanet ta isa misali. Tambayi masana yaushe aka haife ta, za ka sha amsoshi. Wasu za su ce 29 ga Oktoba 1969. A daren ne wani ɗalibi, Charley Kline, ya zauna gaban kwamfuta a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles yana ƙoƙarin aika kalma mai harafi biyar zuwa wata kwamfutar a cibiyar bincike ta Stanford. Harafi biyu suka isa, L da O, na'urar can ta tsaya cak. Wasu za su ce a'a, wannan ai layi ne tsakanin 'yan kwamfutoci ƙalilan, intanet ta gaske sai 1 ga Janairu 1983, ranar da aka koma kan ƙa'idar TCP/IP ta Vint Cerf da Bob Kahn. Wannan ƙa'ida ita ta zama kamar Hausa a kasuwar Kaduna: kowa da harshen gidansu, amma ga wanda za a yi ciniki da shi. Da ita ne tsarin sadarwa iri-iri suka iya fahimtar juna. Wasu kuma abin da suka sani da intanet shi ne shafukan da ake latsawa, saboda haka sai su kai ka watan Maris 1989, lokacin da Tim Berners-Lee ya miƙa wa shugabanninsa a cibiyar CERN, kusa da Janiba, takardar shawarar abin da ya zama yanar gizo.

Duk ba wanda ya yi ƙarya. Kowa yana gaya maka abin da ya ɗauka da muhimmanci ne: mai son na'ura ya zaɓi 1969, mai son tsari ya zaɓi 1983. Ni da za a ba ni zaɓi, 30 ga Afrilu 1993 zan ɗauka. A ranar ce CERN ta sanar cewa ta saki fasahar yanar gizo kyauta, ba lasisi ba kuɗin haya. Ba a ƙirƙiri komai ba a ranar, shawara kawai aka yanke a ofis aka sa hannu. Amma da an sa wa abin farashi, ban ga yadda tela a Kasuwar Barci zai riƙa nuna ɗinkinsa ga mai saye a Legas ba. Ga mutanen garin nan namu na Kaduna kuwa, in dai gaskiya za a faɗa, lissafin ya fara ne daga Agustan 2001 da wayar salula ta shigo ƙasar, don yawancinmu a tafin hannu muka fara ganin intanet.

Ko an yarda da abin da za a tuna ma, akwai sauran rina a kaba, domin kalandar kanta ba ta zauna wuri ɗaya ba. Tsohuwar kalandar Rumawa ta ɗauki shekara a kwana 365 da rubu'i cif. Ainihin shekarar rana ta gaza haka da kamar minti goma sha ɗaya. Abin kamar wasa, amma duk shekara 128 sai ya tara kwana guda. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya sa aka gyara: aka kwanta ranar 4 ga Oktoba, aka tashi ranar 15. Ingila ta ƙi bi sai 1752, Rasha kuwa sai 1918. Shi ya sa Isaac Newton ke da ranar haihuwa biyu. A kalandar da ake amfani da ita a ƙauyensu, 25 ga Disamba 1642 aka haife shi. A wadda muke amfani da ita yau, 4 ga Janairu 1643 ne. Maganar nan da ake yawan maimaitawa a littattafai, cewa an haifi Newton a shekarar da Galileo ya rasu, ba ta tsayawa sai an auna ɗaya da kalandar Italiya, ɗaya da ta Ingila. In aka sa su a mudu ɗaya, shekarunsu daban. Haka Mendeleev ya rubuta 17 ga Fabrairu 1869 a kan takardar da ya fara jera sinadarai cikin jadawali, mu kuma a wurinmu 1 ga Maris ke nan.

Mu da muke rayuwa da kalanda biyu a bango ɗaya bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kamar kwana goma sha ɗaya, abin da ke sa azumi ya zagayo daga sanyi zuwa bazara zuwa damina. Shekara ɗari ta rana daidai take da kimanin shekara 103 ta wata. Saboda haka duk malamin da ya rubuta tarihin littafinsa da Hijira yana da cikar shekara ɗari iri biyu, ɗaya na riga ɗaya da shekara uku. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

To yaya ake yi rana ko shekara ta zama ta duniya? Ba saukowa take daga sama ba. Ƙungiyoyin masana ne kan fara, shekaru kafin lokacin. Su rubuta takarda, su nemi wata ƙasa ta ɗauki maganar zuwa UNESCO, daga nan a kai zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a amince. Haka aka yi 2019 ta zama shekarar jadawalin sinadarai, don cikarsa shekara 150. Haka aka yi 2025 ta zama shekarar kimiyyar kwantam, wato ilimin halayyar ƙwayar zarra da abin da ya fi ta ƙanƙanta, shekara ɗari bayan aikin Werner Heisenberg na 1925. Wannan ilimi shi ne ƙashin bayan 'yan mitsi-mitsin sassan da ke cikin kowace waya da kowane faifan sola da ke kan rufin gidajenmu. Ƙasar da ta gabatar da ƙudurin a zauren Majalisar a 2024 ita ce Ghana, 'yar'uwarmu ta Afirka ta Yamma. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don ya nuna ƙofar a buɗe take ga duk wanda ya shirya takardunsa.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce 2015, shekarar haske. Cikin abubuwan da aka jingina ta da su har da cikar shekara dubu da aikin Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya yi zamansa a Alƙahira. Babu wanda ke da takamaimiyar ranar da ya ajiye alƙalami, littafinsa mai juzu'i bakwai kan gani da haske ya ɗauke shi wajen shekara goma, tsakanin 1011 da 1021. Aka ɗauki 1015, wadda ta faɗo kusan tsakiya kuma ta ba da dubu cif. Kafin shi, manyan masana da yawa sun tafi a kan cewa ido ne ke fitar da wani haske ya je ya taɓo abin da ake kallo. Shi ya tsaya a kan cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, kuma bai tsaya a gardamar baki ba, ya rufe ɗaki ya huda ƙofa ya gwada. Gani ya kori ji.

Na taɓa ganin gwajinsa ba tare da na san nasa ba ne. Ranar 29 ga Maris 2006 da hantsi aka yi husufin rana. Mutanen Gusau da Katsina sun ga duhu sosai, mu a Kaduna rana ta ragu ne ta koma kamar lauje. Ina tsaye gindin dogonyaro a ƙofar gidanmu, masallatai sun ɗauki kabbara, kaji sun fara neman akurki, sai na duba ƙasa. Ɗigon hasken nan da ke ratsowa ta tsakanin ganye, waɗanda kullum zagayayyu ne, duk sun koma 'yan jinjirin wata, ɗaruruwa, suna rawa a kan turɓaya. Kowace 'yar kafa tsakanin ganye biyu ta zama hudar ƙofar Ibn al-Haisam, tana zana hoton rana a ƙasa. Sai a 2015, da surutun shekarar haske ya sa na nemi tarihinsa na karanta, na haɗa biyun. Amfanin ranar tunawa ke nan in an yi ta da kyau: takan sa malamin makaranta irina ya buɗe abin da bai taɓa buɗewa ba, ya kai wa yara.

Illarta kuma ita ce takan tattara aikin jama'a ta ɗora a kan mutum ɗaya, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ya fi fitowa fili a labarin agana.

A damtsen hannun hagu na Innarmu akwai wani tabo zagayayye kamar an danna kwabo. Jikokinta kan taɓa su tambaya, ta ce musu lamba ce. Su ce lambar me? Ta ce ta agana. Su ce mece ce agana? Ranar da na fara jin wannan tambaya sai da jikina ya yi sanyi. Cutar da ta makantar da mutane, ta bar wa wasu zanzana a fuska har kabari, ta share yara a gari guda cikin rani ɗaya, yau ga 'ya'yan Hausawa ba su san ko sunanta ba. Littafin makaranta zai ba ka suna ɗaya da rana ɗaya: Edward Jenner, 14 ga Mayu 1796. Ya cancanci yabo. Amma tun kafin a haife shi, wani bawa ɗan Afirka da ake kira Onesimus ya bayyana wa ubangidansa a Boston ta Amurka yadda ake tsaga fata a sa ɗan ruwan ƙurjin don kariya a ƙasarsu, aka kuma yi amfani da dabarar a annobar 1721. Sannan dabarar da ta ƙarasa kashe cutar a duniya a ƙasar nan aka fara gwada ta. A ƙarshen 1966, a gabashin Najeriya, allurar ta yi wa wani likita mai suna William Foege ƙaranci. Maimakon ya ce sai an yi wa kowa, sai ya riƙa neman inda cutar ta ɓulla, a yi wa mutanen gidan da duk wanda ya yi hulɗa da su, a kewaye ta kamar yadda ake share gefen gona don kada gobarar daji ta tsallako. Abin ya ci. Aka ɗauki salon zuwa Indiya da sauran wurare. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a cikin jama'a ɗan Somaliya ne, a 1977, kuma ranar 8 ga Mayu 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa agana ta ƙare. A 2030 za a cika shekara hamsin. Ma'aikatan lafiyar da suka bi ƙauyuka a kan keke, da masu unguwannin da suka tara jama'a a ƙofar fada, wasunsu na nan da rai, sun tsufa. In ba a je an ɗauki muryarsu yanzu ba, ranar za ta zo a yi jawabi a manyan biranen Turai, su kuwa ba ko sunansu.

Ƙasar nan ba ta rasa ranakun da suka shiga tarihin fasaha na duniya ba. A Nuwamban 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A farkon shekarun 1960 hukumar sararin samaniya ta Amurka tana da tashar bibiya a Kano, tana sauraron kumbon 'yan sama jannatinta in ya gifta ta samanmu. Ranar 23 ga Agusta 1963 Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwa da ke tsaye a tashar Legas, karo na farko da shugabannin gwamnati biyu suka yi waya ta tauraro. Ina gaya wa yara waɗannan, suna kuma jin daɗi. Sai dai in mun duba da kyau, a duk ukun fili muka bayar, kayan aikin da ilimin na baƙi ne.

Namu na kanmu fa? Kaduna gari ne da fasaha ta haifa. Layin dogo da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911 shi ya ratsa ta nan, shi ya sa Gwamna Lugga ya ga wurin ya dace, aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. A nan aka kafa cibiyar binciken ƙudan tsando da ciwon barci da sammoren shanu, wadda tun asali ta yi wa Afirka ta Yamma aiki. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, wasu suka biyo baya har unguwar ta zama garin masaƙu. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot, a 1980 aka buɗe matatar mai. Da garin ya cika shekara ɗari a 2017 an yi hawan daba, dawaki sun yi kyau, na je na kalla. Amma na dawo gida ina tunanin cewa garin da reluwe da injin saƙa suka gina ya cancanci a fito da tsofaffin direbobin jirgi da makanikai su ma a zagaya da su.

Babanmu makanikin injin saƙa ne a ɗaya daga cikin masaƙun nan har ta rufe. Shi ba ya lissafi da lambobin shekara. In ka ce, "Baba, yaushe kuka fara aiki?" sai ya ce, "Bayan canjin hannu da kaɗan, kafin canjin kuɗi." Wato tsakanin Afrilun 1972 da aka koma tuƙi ta dama da Janairun 1973 da naira ta maye gurbin fam. Aurensa shekarar Udoji ne, wato lokacin da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi. Wannan ma kalanda ce, kuma tana da daidaito fiye da yadda ake zato. Matsalarta ɗaya, tana tafiya kabari tare da mai ita. Ya taɓa ba ni labarin yadda wani ƙarfe a injin ya riƙa karyewa, odar sabo kuma sai an jira watanni daga waje, su da wani abokinsa suka zana nasu suka kai aka zuba musu, ya fi na asalin ƙarko. Na taɓa zuwa neman ko akwai wata takarda da ta rage a kan irin waɗannan gyare-gyare. Mai gadin wurin ya buɗe mini wani ɗaki, na tarar da fayil-fayil a ƙasa, ruwan sama ya jiƙa na sama, gara ta cinye na ƙasa. Abin da ba a rubuta ranarsa ba, ba shi da zagayowa.

Ba kuma don rubuta kwanan wata baƙonmu ba ne. Malamanmu na da kan rufe waƙa ko littafi da ramzi, su dunƙule shekarar Hijira cikin 'yan haruffa, mai ilimin hisabi ya warware ya san lokacin da aka gama. Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke garin nan cike suke da rubuce-rubucen da ke jiran mai karantawa. Al'adar muka saki.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini a ɗakin malamai: masaƙu sun mutu, wuta sai an ga dama, yara na zaune a ƙasa, kai kuma kana maganar biki? Tuna baya ai shi ne roƙo. Akwai gaskiya a ciki, kuma akwai irin tunawar da ni ma ba na so. Ita ce ta bugun ƙirji, a ce ai mu muka ƙirƙiro aljabra, daga sunan al-Khwarizmi aka samo kalmar "algorithm" da masu kwamfuta ke amfani da ita, a tafa a watse, ba wanda ya iya warware ko tambaya ɗaya daga littafin da ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. Tarayyar Sobiyet ta buga kan sarki da hotonsa a 1983 don cikarsa kimanin shekara 1200 da haihuwa, amma su sun haɗa da makarantun lissafin da duniya ta san da su. Tunawar da nake nufi ta bin diddigi ce. In masaƙar Kakuri ta cika shekara saba'in a 2027, a tara waɗanda suka yi aiki a ciki a gaban ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha, a tambaye su yadda injin ke aiki, audugar daga ina, wutar nawa take ci, me ya fara lalacewa, wace shawara ce ta karya ta. Wannan zama zai yi ɗaci, kuma zai fi kowace lacca amfani.

Yanzu bari in koma kan alkawarin da na yi. Akwai wani malami, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bakatsine. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira yana koyarwa, a can ya rasu a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci wanda a ciki ya yi bayanin hanyoyin gina abin da mu muka sani da hatimi: murabba'i mai gidaje, a zuba lambobi ta yadda duk layin da ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, jimla ɗaya zai ba ka. Masu binciken tarihin lissafi a ƙasashen waje sun san shi, suna kawo sunansa in ana maganar murabba'ai masu gidaje mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai.

Na san inda hankalin mai karatu ya tafi. Hatimi a wurinmu kayan malaman tsibbu ne, a allo ake ganinsa ko cikin laya. Shi ma malamin bai raba lissafinsa da ilimin sirrin haruffa ba, haka zamaninsa yake. Ba na kare wannan ɓangaren, malaman addini sun yi maganarsu a kai. Amma Newton ya ɓata shekaru yana neman sirrin juya ƙarfe ya koma zinariya, Kepler ya yi wa sarakuna duban taurari, ba a kuma jefar da lissafinsu saboda haka ba. An tsince tsabar an bar ƙaiƙayin. Tsabar da ke cikin hatimi lissafi ce tsantsa, kowa na iya gwadawa.

Ga hanya mafi sauƙi da nake koya wa 'yan aji ɗaya. Zana gida tara, uku-uku. Sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Daga nan kullum ka hau sama taki ɗaya, ka matsa dama taki ɗaya. In ka fita ta sama, ka shigo ta ƙasa. In ka fita ta dama, ka shigo ta hagu. In ka tarar da gidan da mai shi, ka sauko ƙarƙashin lambar da ka rubuta yanzu. Za ka samu 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Ko ta ina ka tara, 15. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: daga 1 zuwa 9 jimlarsu 45, layi uku za su raba ta daidai, kowa ya tashi da 15. Mai gida ashirin da biyar kuwa jimlarsa 325, a raba biyar, 65. Tambayar da ke da daɗi, wadda ke kai yaro ga lissafi na gaske, ita ce me ya sa wannan tafiya ta hawa da matsawa ke aiki a kowane murabba'i mai gidaje mara, amma ta ƙi a mai huɗu-huɗu.

Shekarar 1732 ta yi daidai da wajen 1145 ta Hijira. Ƙara 300, ka samu 1445, wadda ta kama a Yulin 2023. Wato a kalandar da shi malamin ya yi amfani da ita, littafinsa ya riga ya cika shekara ɗari uku, ta zo ta wuce muna zaune. Amma kalanda biyun nan sun yi mana rana. A lissafin Miladiyya littafin zai cika 300 a 2032. Rasuwarsa kuma a 1154 ta Hijira ce, wadda cikarta 300 ita ce 1454, ita ma a cikin 2032 za ta kama. Shekara ɗaya, tunawa biyu. Abin da ake bukata ba ya fi ƙarfinmu: wani a sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello ya zauna da wani a sashen Larabci su nemo kwafin littafin, su tsamo babin lissafin su mayar da shi Hausa, a buga ɗan ƙaramin littafi da malamin firamare zai iya saya, a shirya gasar hatimi tsakanin makarantun boko da na allo daga Katsina zuwa Zariya zuwa Kaduna.

Yarinyar da ta yi mini tambayar 14 ga Maris ita ta fara gama mai gida ashirin da biyar a ajinsu, layinta na sama 17, 24, 1, 8, 15. Da na gaya musu mutumin Katsina ne ya rubuta littafi a kan wannan tun kafin a kafa ƙasar Amurka, sai ta ce, "Malam, a wace unguwa yake a Katsina? Kakata 'yar can ce." Na ce mata in ta je hutu ta tambayo mana tsofaffi. Ta rubuta sunansa a bayan littafinta, ta ɗauki rula ta fara zana mai gida arba'in da tara.